Me Ya Sa Agogon Cikin Na'ura Ke Gudu Ko Ja Baya? Sharhi Kan Da'irar RTC

Na'urar adana hotunan kyamarar tsaro tana nuna ƙarfe 2:09, wayar mai gadi tana nuna 2:14. Agogon lantarki na masallaci yana saɓa wa na masallacin da ke bayansa da minti uku. Na'urar dangwala yatsa a wurin aiki tana rubuta wa wanda ya zo a kan lokaci cewa ya makara. Duka an saita su daidai ranar da aka girka su, kuma babu wanda ya taɓa su tun daga nan. Amsar da aka saba bayarwa ita ce batir ya yi sanyi, sai a canza shi, bayan wata biyu kuma saɓanin ya dawo yadda yake.

Batir yana da nasa laifin, amma a wata matsala ce daban. Agogon da ke ƙara sakan ɗaya ko rage sakan biyu kowace rana yana yin haka ne saboda dalilan da aka sani, waɗanda ake iya lissafawa tun kafin a sayi na'urar. Babba daga cikinsu shi ne zafi, kuma alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a takardun bayani an auna su ne a digiri 25 na ma'aunin Selshiyos, ba a cikin akwatin ƙarfe a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu ba.

## Abin da ke riƙe lokaci a cikin na'ura

RTC ƙaramar da'ira ce da ke ci gaba da ƙidaya sakan, minti, awa, rana, wata da shekara ko da an kashe na'urar. Sassanta uku ne: kiristal, IC (ƙaramin guntun lantarki) mai ƙidaya, da batirin ajiya, wanda galibi CR2032 ne mai volt 3. Tana cikin kwamfuta, mitar wuta, na'urar kyamara, injin POS, da yawancin inbata da na'urorin sola masu ajiye bayanai. A kwamfuta, tsarin ya kafu ne tun 1984 lokacin da IBM ya sa IC ɗin Motorola MC146818 a cikin PC/AT.

Kiristal ɗan yanki ne na ma'adinin nan da ake rubuta sunansa Quartz a fuskar agogon bango. Ana yanka shi da baki biyu kamar gwafa, a rufe shi a cikin ƙaramin bututun ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa. Idan aka ba shi ɗan lantarki sai ya riƙa kaɗawa, kuma an daidaita girmansa ya kaɗa sau 32,768 a sakan. An zaɓi wannan lamba ne domin idan aka raba ta biyu sau 15 a jere za ta koma 1. Aikin IC shi ne wannan rabawar: duk lokacin da ya ƙirga kaɗawa 32,768 sai ya ce sakan ɗaya ya wuce.

Ma'ana, IC bai san ƙarfe nawa ba ne. Ƙirga kawai yake yi daga inda aka ajiye shi. Idan kiristal ya kaɗa sau 32,769 a maimakon 32,768, IC ba shi da hanyar gane hakan, kuma wannan kaɗawa ɗaya tak da ta ƙaru tana sa agogo ya yi gaba da kusan sakan 2.6 a rana.

## Yadda ake karanta ppm

Ana bayyana kuskuren kiristal da ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Tunda rana tana da sakan 86,400, ppm 1 daidai yake da sakan 0.0864 a rana, kusan sakan 2.6 a wata, kusan sakan 31.5 a shekara. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku zai iya fassara kowace takardar bayani.

Kiristal na kasuwa da aka fi samu ana rubuta masa ±20 ppm. Wannan na nufin yana iya yin gaba ko baya da sakan 1.7 a rana, sakan 52 a wata, minti goma da rabi a shekara, kuma duk da haka bai lalace ba, yana cikin abin da kamfani ya yi alkawari. Alkawarin kuma na ranar da ya fito daga masana'anta ne, a digiri 25, a kan da'irar da ta dace da shi. Duk abin da ya kauce daga waɗannan sharuɗɗa uku ƙari ne a kan ppm 20 ɗin.

## Zafi: dalilin da ya fi yawa

Irin wannan kiristal yana kaiwa ƙololuwar saurinsa ne a wajen digiri 25. Daga nan, ko zafi ya ƙaru ko sanyi ya ƙaru, raguwa yake yi. Babu yanayin da zai sa shi ƙara sauri. Lissafin shi ne: a ɗauki tazarar da ke tsakanin zafin wurin da digiri 25, a ninka ta da kanta, sannan a ninka da kusan 0.034. Abin da ya fito shi ne ppm ɗin da agogo zai ja baya.

A digiri 35, tazarar 10 ce, jinkirin ppm 3.4, abin da ba a cika lura da shi ba. A digiri 45 ya zama ppm 13.6, kusan sakan 1.2 a rana. A digiri 55 ya haura ppm 30, wato sakan 2.6 a rana, fiye da minti ɗaya a wata. A digiri 65 ya kai ppm 54. Ninka tazarar sau biyu yana ninka jinkirin sau huɗu ne, shi ya sa matsalar ke ɓoyewa a ɗaki mai iska, ta bayyana ƙarara a wuri mai zafi. Sanyin hunturu bai kai wannan illa ba: daren da ya sauka zuwa digiri 15 jinkirinsa daidai yake da na digiri 35.

Zafin da ake magana a kai na jikin kiristal ne, ba wanda ake faɗa a rahoton yanayi ba. A bazara, inda iska a waje ke wuce digiri 40 a Maiduguri, Sakkwato ko Damagaram, cikin mitar da ke manne a bango tana fuskantar rana, ko na'urar kyamara da aka kulle a kabad tare da faifanta mai ɗumi, ko inbata a ɗakin da rufin kwano ne, yana fin na waje sosai. Mai zana allon na'ura da ya ajiye kiristal kusa da taransifoma ko IC mai daidaita wuta ya ƙara wa kansa digiri da dama kyauta.

Akwai wani kuskuren lissafi da ake yawan yi a nan. A ɗauka na'ura tana yin rabin yini a digiri 25, sauran rabin a digiri 55. Matsakaicin zafinta digiri 40 ne, kuma wanda ya yi lissafi da wannan zai samu ppm 7.7. Gaskiyar kuwa ita ce rabin yinin farko jinkirin sifili ne, na biyu ppm 30.6, matsakaicinsu ppm 15.3, ninki biyu na lissafin farko. 'Yan awannin tsakar rana su ne ke cin mafi yawan sakan ɗin da ake rasawa.

## Kafasitar da ba ta dace ba

Idan zafi ja da baya yake yi, to agogon da ke gudu da minti uku ko huɗu a wata wani abu ne ke damunsa, kuma abin da ya kamata a fara dubawa shi ne kafasita, ƙaramin ɓangaren da'ira mai riƙe cajin lantarki, wanda ake auna ƙimarsa da pF. Kowane kiristal an daidaita shi ne ya ba da 32,768 idan da'ira ta ɗora masa wani takamaiman nauyi na kafasita. Waɗanda aka fi samu su ne pF 12.5, pF 9, pF 7 da pF 6. A ido duk iri ɗaya ne, kuma a kasuwa ba kasafai mai shago ke raba su ba.

IC ɗin DS1307 yana da kafasitarsa a ciki, an yi shi don kiristal mai pF 12.5. DS1302 kuwa na pF 6 yake so. Idan aka sa kiristal mai pF 12.5 a da'irar pF 6, nauyin ya yi masa kaɗan, sai ya yi sauri da abin da ya kusa ppm 100, wato minti uku zuwa huɗu a wata. Idan aka yi akasin haka, baya zai ja. Wannan shi ne abin da ke faruwa sau da yawa bayan gyara: an ciro kiristal daga tsohon agogo ko wani allo an liƙa, na'ura ta tashi, kowa ya gamsu, sai daga baya a ga lokaci na gudu.

Inda kafasitocin suke a waje, kamar a yawancin ƙananan kwakwalwan na'ura irin STM32, lissafin shi ne a ninka ƙimar kafasitocin biyu, a raba da jimillarsu, sannan a ƙara ɓoyayyen nauyin da layukan allo da ƙafafun IC ke kawowa, wanda yakan kai pF 2 zuwa 5. Kafasita biyu masu pF 18 suna ba da 9, idan aka ƙara 3.5 na allo ya zama 12.5. Wanda ya manta da na allon ya sa masu pF 25 zai samu agogo mai jinkiri ba tare da ya san dalili ba.

## Tsufa, datti da hayaniyar lantarki

Kiristal yana sauyawa da shekaru, galibi har zuwa ppm 3 ko 5 a shekarar farko, sannan sauyin ya ragu. Faɗuwa ƙasa ko zafin ƙarfen liƙi da ya daɗe a kan bututun na iya sauya shi lokaci guda, kuma ba ya komawa. Injin wanke allo mai aiki da sautin da kunne ba ya ji yana iya karya bakin kiristal ɗin, domin saurin kaɗawarsu ya yi kusa.

Da'irar tana aiki ne da lantarki ɗan mitsitsi, don haka ragowar man liƙi, ƙura da danshin damina tsakanin ƙafafun kiristal sun isa su rage mata ƙarfi, ta riƙa tsayawa tana tashi. Layin da ke ɗauke da sigina mai sauri idan ya bi ta kusa ko ta ƙarƙashin kiristal yana cusa bugun da IC zai ƙirga a matsayin kaɗawa, agogo ya yi gaba. Alamar wannan ita ce agogo yana daidai idan na'ura na kashe tana kan batir, yana gudu idan tana kunne. Maganin yana wajen zane: layuka gajeru, kiristal dab da IC, a kewaye shi da layin ƙasa, kada wani layi ya ratsa ƙarƙashinsa.

## Matsalolin da ake ɗauka zamewa ce alhali ba ita ba ce

Zamewa ta gaskiya, wato gudu ko jinkirin agogo, a hankali take taruwa, kusan adadi ɗaya kowace rana. Agogon da ya koma 1 ga Janairun 2000 da ƙarfe 00:00, ko ya tsaya cak a lokacin da aka ɗauke wuta ya ci gaba daga nan da aka dawo da ita, wannan batir ne ko mazauninsa. Yawancin IC suna da alamar da ke tona wannan: OSF a DS3231, VL a PCF8563. Manhajar da ba ta duba alamar za ta karɓi lokacin ƙarya ta yi aiki da shi. DS1307 yana da nasa hali: akwai ɗigon CH (gurbin da ke ɗaukar 0 ko 1) a rajistar sakan, wato ma'ajin ƙidayar sakan a cikin IC, wanda idan yana kan 1 agogon ba ya tafiya, kuma IC ɗin na volt 5 ne, yana daina amsawa idan wutar ta sauka ƙasa da ninki 1.25 na ƙarfin batir, shi ya sa ba ya aiki a allon volt 3.3.

CR2032 yana ɗauke da kusan mAh 220. A kan DS3231, wanda lantarkin da yake ja ba ya wuce µA 3 a kan batir, wannan ya isa shekaru takwas a lissafi. Inda ake yawan ɗauke wuta batirin yana aiki fiye da yadda yake yi a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, zafi kuma yana rage masa kwana. Akwai kuma tarko a ƙananan allunan DS3231 masu araha da ake kira ZS-042: suna da dayod da rezista mai om 200 don cajin batirin LIR2032. Idan aka sa CR2032, wanda ba a cajinsa, aka ba allon volt 5, batirin yana kumbura ya mutu da wuri. Cire rezistar ko dayod ɗin yana kashe cajin.

A ɓangaren manhaja, wani kuskure da ake yawan yi a ayyukan Arduino, allunan gwajin lantarki da ake rubuta wa manhaja, shi ne barin layin da ke saita agogo zuwa lokacin da aka harhaɗa manhajar. Duk lokacin da na'ura ta sake tashi sai ta koma wancan lokacin. Haka kuma wanda ke ƙidaya lokaci da umarnin millis() a kan allon Arduino Uno ba RTC yake amfani da shi ba: abin da ke kaɗa allon na yumɓu ne, kuskurensa na iya kai kashi 0.5 cikin ɗari, minti bakwai a rana, kuma ƙidayar tana cika ta koma sifili bayan kwana 49.7.

Sai agogunan da ba su da kiristal kwata-kwata, suna ƙirga bugun wutar layi ne, sau 50 a sakan, kamar na wasu murhunan lantarki da rediyon gefen gado. A farkon 2018 irin waɗannan agoguna sun ja baya da kusan minti shida a faɗin nahiyar Turai saboda taƙaddamar wuta tsakanin Sabiya da Kosobo. A kan janareta abin ya fi haka muni: idan injin ya ba da 49.5 a maimakon 50, agogo zai rasa fiye da minti 14 a cikin awa 24.

## Auna kafin a gyara

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar kayan aiki. A saita na'urar da wayar da ke karɓar lokaci daga intanet, a rubuta ranar, a bar ta a wurin da za ta zauna, a dawo bayan kwana goma. A raba sakan ɗin da suka saɓa da jimillar sakan da suka wuce, a ninka da miliyan. Agogon da ya ja baya da sakan 9 a kwana 10, wato sakan 864,000, yana da jinkirin ppm 10.4. Awon kwana ɗaya ba ya isa, domin kuskuren ido na rabin sakan kaɗai ya kusa ppm 6.

Mai kayan awo kada ya ɗora tsinken osiloskof, na'urar kallon siginar lantarki, a ƙafar kiristal. Tsinken yana ƙara pF 10 ko fiye, ya sauya abin da ake son aunawa ko ya tsayar da kaɗawar. A auna daga ƙafar SQW ko 32K ta IC. Na'urar ƙidayar da ba ta nuna ƙasa da kaɗawa ɗaya a sakan ba ta da amfani a nan, tunda kaɗawa ɗaya ita ce ppm 30.5. Gara a sa IC ya fitar da bugu ɗaya a sakan a kwatanta shi da bugun PPS, wato bugu ɗaya a sakan da na'urar GPS ke fitarwa.

## Hanyoyin magani da inda masana suka saɓa

Wasu injiniyoyi suna ganin kiristal mai araha ya isa idan aka daidaita shi. A misalin da ke sama, manhaja za ta ƙara sakan ɗaya duk bayan sakan 96,000. PCF8523 yana da rajistar gyara mai taki kusan ppm 4, STM32 kuwa takinsa ƙasa da ppm 1 ne, kuma yana iya gyara har wajen ppm 487 ta kowane ɓangare. Wannan yana kawar da kuskuren masana'anta da na kafasita kusan baki ɗaya, ba tare da ƙarin kuɗin kaya ba. Rauninsa shi ne gyaran na yanayi ɗaya ne: wanda aka yi a hunturu zai gaza a bazara, kuma dole a auna kowace na'ura ita kaɗai.

Wasu suna fifita IC mai gyara kansa. DS3231 yana da kiristal da ma'aunin zafi a cikin jikinsa, yana auna zafi duk bayan sakan 64 ya sauya nauyin kafasita don rama jinkirin. Alkawarinsa ±2 ppm ne daga digiri 0 zuwa 40, kusan minti ɗaya a shekara, da ±3.5 ppm daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Yana da rajistar tsufa a adireshin 0x10, kowane taki kusan ppm 0.1, lambar da ta haura sifili tana rage sauri: agogon da ke gudu da ppm 1.5 sai a rubuta masa 15. A lura da rubutun jikinsa, domin DS3231M ba kiristal ne a cikinsa ba kuma alkawarinsa ±5 ppm ne, sannan a kasuwa akwai na jabu da waɗanda aka ciro daga tsofaffin alluna. Ga na'urar da za ta zauna a zafi ba tare da intanet ba, hujjar wannan ɓangare ta fi ƙarfi.

Ɓangare na uku na cewa kowane agogo zai zame, don haka a riƙa karɓo lokaci daga waje ta NTP (hanyar karɓo lokaci daga intanet), GPS ko layin waya. Wannan ne kaɗai ke hana kuskure taruwa, amma ya dogara da sabis da kuɗin data, kuma na'ura tana buƙatar lokaci tun daga tashi kafin ta samu haɗi. Allon ƙaramar kwamfuta na Raspberry Pi har zuwa na 4 ba shi da RTC, sai a na 5 da ya fito a 2023 aka sa. Akwai kuma batun yadda ake gyaran: mayar da agogo baya lokaci guda yana sa minti ɗaya ya bayyana sau biyu a bayanan da aka ajiye, shi ya sa tsarin da aka zana da kyau ke rage saurin agogo kaɗan kaɗan har ya daidaita.

## Inda abin ke shafar jama'a

A masallaci, agogon da zafi ya ja baya yana jinkirta magariba da minti ɗaya ko biyu, amma a azumi abin da ya fi muhimmanci shi ne yana jinkirta alfijir, mai sahur ya ci gaba da ci bayan lokaci ya fita. Saita shi sau ɗaya a farkon kowane wata yana riƙe kiristal mai araha cikin minti ɗaya zuwa biyu. Idan saɓanin ya kai minti goma ko ya cika awa, a duba garin da aka zaɓa da yankin lokaci: Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi suna gaban lokacin duniya da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Gana kuwa tana daidai da shi.

Hoton kyamara da lokacinsa ya saɓa da na kiran waya ko na tura kuɗi yana rage ƙarfin hujja, don haka mai ciro hoto ya fara rubuta saɓanin agogon na'urar da lokacin gaskiya kafin ya taɓa saiti. Manhajojin da ke ba da lambar shiga mai sauyawa duk sakan 30 suna ƙin aiki idan agogon waya ya kauce da abin da ya wuce minti ɗaya ko makamancinsa, kwamfutar da batirinta ya mutu ta koma tsohuwar shekara kuma tana ƙin buɗe shafukan intanet masu tsaro.

Batun mitocin katin wuta na 24 ga Nuwamban 2024, wanda ya sa kamfanonin rarraba wuta a Najeriya suka raba wa jama'a lambobin sabuntawa guda biyu masu alƙaluma 20, ba zamewar agogo ba ne ko da yake mutane da dama sun ɗauke shi haka. Kowace lambar caji tana ɗauke da lokacin da aka sayar da ita, a ƙirgen mintuna tun daga 1 ga Janairun 1993, a gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 16,777,216. Gurbin ne ya cika, lambobin sabuntawar kuma suka mayar da mafarin ƙirgen zuwa 2014. Irin wannan cikar tana jiran na'urorin da ke ƙirga sakan tun daga 1970 a gurbi mai ɗigo 32: nasu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, kuma mita ko na'urar kyamarar da aka girka a bana tana iya kaiwa wannan rana tana aiki.